Shin gwajin jini na nuna taɓuwar jijiyoyi bayan korona mai tsanani?

Maman Hauwa:
Assalamu alaikum. Mahaifina, mai shekara 74, ya yi mako uku a ɗakin kulawa ta musamman sakamakon korona. Tun da aka sallame shi, hannunsa na karkarwa idan ya ɗauki kofin shayi, kuma yakan rikita sunayen jikokinsa. Shin akwai gwajin jinin da zai nuna ko jijiyoyinsa sun taɓu?

Dakta Bello:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Akwai sinadarin NfL da ke cikin zaren jijiya, wanda yake malalowa cikin jini idan zaren ya lalace, sai kuma GFAP da ke fitowa daga ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A 2020 masu bincike a ƙasar Suwidin sun ga matakin waɗannan sinadarai biyu ya hau a jinin waɗanda cutar ta tsananta a kansu, amma da aka sake aunawa bayan wata shida, sai aka tarar ya sauko.

Malam Isyaku:
Hajiya, a lura cewa NfL yana ƙaruwa da tsufa ko da babu wata cuta, haka nan idan ƙoda ta raunana, kuma ba ya bayyana ko lahanin yana ƙwaƙwalwa ne ko a jijiyoyin hannu da ƙafa. Doguwar kwanciya a kan na'urar numfashi ma tana raunana jijiyoyi. A ganina, gara ku kai shi wurin likitan jijiyoyi ya duba shi, a auna masa suga da aikin ƙoda.