Waɗanda suka taɓa zuwa Yankari da marmaron Wikki, me kuka tarar?

Wani malamin sakandare daga Ƙofar Ƙaura, Katsina:

Assalamu alaikum. Ina da niyyar kai iyalina gandun dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, domin yara sun dame ni da maganar ganin giwa. Kafin in ɗauki wannan doguwar hanya ta Kano da Ningi har Bauchi, ina roƙon waɗanda suka je da ƙafarsu su gaya mini abin da suka gani da idonsu.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin gona daga Daura:

Wa alaikumus salam, Malam. Sau biyu na je, kuma shawarata ta farko ita ce kada ka yi wa yara alkawarin giwa. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, dabbobin kuma ba a ɗaure suke ba. Zuwana na farko da damina ne, ciyawa ta fi tsawon mutum, ruwa ya kwanta ko'ina, saboda haka babu abin da zai tilasta wa dabba zuwa bakin kogi. Mun yi yawo a mota wuni guda, iyakar rabonmu gwambaza biyu da cizon ƙudan tsando. Na biyun kuwa a watan Maris ne, lokacin da tafkuna suka ƙafe, komai ya dawo kogin Gaji. Da sanyin safiya ɗan jagora ya tsayar da mota ya nuna mana kashin giwa yana tururi, ga sawu kamar faifai, ga reshen bishiya da aka karya ruwansa bai ko bushe ba. Muka kashe inji muka yi shiru wajen minti ashirin, sai ga su sun keto daga cikin duhuwa, uwa a gaba, ƙaramin yana bin ƙafafunta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda halitta mai wannan girma take tafiya ba a jin takunta.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Sabuwar Unguwa, Katsina:

Baba ya faɗi gaskiya, mu ba mu ga giwa ba, amma ban yi da-na-sanin zuwa ba saboda ruwan Wikki. Mu da muka tashi muna jan guga, ganin ruwa yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse dare da rana, kimanin lita miliyan 21 a kullum, abu ne da sai da na zauna a kan matakala na daɗe ina kallo. Ɗuminsa digiri 31 ne, ba ya sauyawa rani da damina, kuma garau yake har kana hango farin yashin da ke ƙasa. Mun je a tsakiyar hunturu, jiki duk ya yi furu-furu, shiga ruwan nan ya fi duk wani man shafawa. Ga mata 'yan'uwana, ku sauka bayan sallar asuba da doguwar riga mai kauri, lokacin ba kowa, domin da hantsi ya ɗaga wurin cika yake da samari. A kula da yara ta wajen bakin dutsen, zurfin can ya kusa mita biyu.

Gargaɗina ɗaya a kan birai ne, Malam. Gwaggon biri ya fizge ledar burodi daga hannun ɗiyata a ƙofar ɗaki, ya koma gefe ya zauna yana ci yana kallonmu. Laifinmu ne, an riga an gaya mana kada a riƙe abinci a fili kuma a kulle taga. Gadu kuwa suna kiwo a tsakiyar masauki a durƙushe bisa gwiwoyinsu, ba ruwansu da kowa.

Wani ɗalibin jami'a daga Daura:

Ni tattakin ne ya kai ni. Ba a barin mutum ya kutsa daji shi kaɗai a ƙasa, dole sai da ma'aikacin gandu, kuma da na ga sawun ɓauna a kan turba na fahimci dalili. Mun hau zuwa kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, ƙofofinsu ƙanana sai an sunkuya. Hawan ba shi da tsawo, amma dutsen yana da tsakuwa mai zamewa, ni kuma na yi gangancin zuwa da silifa, na dawo da yatsa a fashe. A tafi da takalmi rufaffe da ruwan sha mai yawa, kuma wanda yake da tabaran hangen nesa ya ɗauko, domin tsuntsayen wurin sun haura iri 350.

Malamin da ya yi tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa tafiyar watan Agusta, za mu jira hutun da ya faɗo cikin rani in Allah ya kai mu. Saura tambaya ɗaya ga Baba: daga ƙofar shiga dajin da ke ƙauyen Mainamaji zuwa masaukin Wikki na ji kusan kilomita 40 ne, shin ƙaramar mota tana iya kai mutum, ko sai na nemi mai tsayi?