Ma'anar "askeo" a Ayyukan Manzanni 24:16

Tambaya

'Yan'uwa, ina neman ƙarin haske a kan wani aikatau na Helenanci da Bulus ya yi amfani da shi sa'ad da yake kare kansa a gaban gwamna Filikus a Kaisariya. Ya ce kullum yana "askeo" domin ya kasance da lamiri marar abin zargi a gaban Allah da mutane. Wasu fassarori sun ce yana ƙoƙari, wasu kuma sun ce yana horar da kansa. Wanne ya fi kusa da nufinsa, kuma shin yana maganar azabtar da jiki ne?

Amsa ta farko

Ɗan'uwa, wannan aya ce kaɗai a dukan Sabon Alkawari da aikatau ɗin ya bayyana, saboda haka dole mu duba yadda Helenawa suka yi amfani da shi. A waƙoƙin Homa, mawaƙin Helenawa na zamanin dā, yana nufin sarrafa abu da gwaninta, kamar aikin ulu ko na ƙarfe. Daga baya aka riƙa faɗinsa game da atisayen 'yan wasa da sojoji, sannan masana falsafa irin su Efiktetus suka ɗauke shi zuwa tarbiyyar hali, wato maimaita abin kirki har ya zama jiki. A ganina "ƙoƙari" kaɗai bai isa ba, domin mutum yana iya yin ƙoƙari sau ɗaya ya bari, amma Bulus ya sa aikatau ɗin a sigar abin da ke ci gaba, ya kuma ƙara da cewa a kowane lokaci ne.

Amsa ta biyu

Na yarda da Malam, sai dai ina jan hankali a kan ɓangare na biyu na tambayar. Gaskiya ne daga wannan tushe aka samo "askesis", sunan da aka ba rayuwar gudun duniya ta masu zaman kaɗaici a hamadar Masar, irin su Antoni wanda ya rasu a shekara ta 356. Amma tsakanin shari'ar Bulus da zamanin Antoni akwai wajen shekaru 300, kuma bai kamata a ɗora ma'anar da ta zo daga baya a kan maganar Bulus ba. Ayar ba ta ambaci azumi ko ƙin aure ba. Abin da Bulus yake horarwa shi ne lamiri, kuma aya ta 15 ta faɗi dalili: yana sa zuciya ga tashin matattu, na masu adalci da marasa adalci. Wanda ya tabbata zai tsaya a gaban shari'ar Allah ba ya jinkirta gyaran abin da ke tsakaninsa da mutane.

Amsa ta uku

Idan kana neman inda hoton filin wasa ya fito fili, duba "gumnazo" a 1 Timoti 4:7 da Ibraniyawa 5:14, da kuma "agonizomai" a Luka 13:24 da 1 Korintiyawa 9:25. Na farko yana nuna atisaye kafin gasa, na biyu fafatawar kanta. "Askeo" ya fi kusa da na farko, shi ya sa ni ma na fi son a ce yana horar da kansa.