Idan man fiffike ɗaya ya fi na ɗayan: abin da muka gani a bakin aiki

Ɗalibin tuƙi: Assalamu alaikum, malamaina. An koya mana cewa ƙananan jiragen fasinja irin su CRJ200 da ERJ145 suna ɗaukar mansu a cikin fukafukai, kuma kowane inji yana shan man tankin da ke ɓangarensa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa ganin tankunan biyu sun bambanta su gaya mana yadda abin ya kasance.

Matuƙi: Wa alaikumus salam. Na sha ganin haka a ERJ145, kuma sau da yawa dalilin ba abin tsoro ba ne, domin ƙaramin injin da ke wutsiya, wanda yake ba da lantarki da iska idan jirgi yana ƙasa, daga tankin dama yake sha, saboda haka idan aka daɗe ana jiran fasinja sai ɓangaren dama ya yi sauƙi. Gargaɗi yana fitowa idan bambancin ya kai kimanin kilo 360. Maganinsa shi ne a buɗe bawul ɗin da ke haɗa bututun man tankunan biyu, injunan su sha daga tanki mai nauyi har su daidaita. Sai dai ba na taɓa bawul ɗin sai na tara man da aka ƙona da wanda ya rage, na ga ya yi daidai da abin da muka tashi da shi. A 2001 matuƙan wani jirgin A330 na kamfanin Air Transat sun buɗe shi alhali mai yoyo yake yi, man ya ƙare, injunan biyu suka mutu, suka sauka a tsibiran Azores ba inji.

Makanike: Ranka ya daɗe, wani lokacin ma man lafiya yake, ma'aunin ne ke ƙarya. Sandunan awo da ke cikin tanki da lantarki suke aiki, ruwa kuwa yana rikita su, kuma da yake ya fi kananzir, wato man jirgin, nauyi, ƙasan tanki yake kwanciya. Na taɓa tsiyaye ruwan wani jirgi da ya kwana cikin raɓa da tanki rabi, nan take lambobin suka dawo daidai.

Mai zuba mai: Ni a lita nake zubawa, matuƙi kuwa a kilo yake karɓa, lita ɗaya kusan kilo 0.8 ce. Idan na yi shakkar allon da ke nuna yawan man, makanike nake kira ya zaro sandar awo ta ƙasan fiffike kafin in sa hannu a takarda.