Manja ya kama kantar giranit, me za a yi?

Maman Biyu (Rikkos): Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu kantar giranit a kicin ku agaza min. Galan ɗin manja ne ya kwana a kai, ashe gindinsa na yoyo, da safe na ɗaga na tarar da jan zobe ya shige cikin dutsen. Dutsen mai haske ne, fari da ɗigo-ɗigon baƙi. Na wanke da sabulu, maiƙon sama ya fita amma shatin yana nan daram. Maƙwabciyata ta ce in matsa lemon tsami in dirje da soson ƙarfe. In yi?

Hajiya Babba (Unguwar Rogo): Wa alaikumus salam. Kul 'yata, ajiye lemon nan ki yi zoɓo da shi. Soson ƙarfe kuma na tukunya ne. Ki jira Anti Malama ta shigo, ita ta san kan abin.

Amarya (Rayfield): Ni fa Hajiya da lemon tsami nake goge tawa kullum, don ƙamshi da kashe ƙarni, kuma ban ga komai ba.

Hajiya Babba: Ba ki gani ba tukuna. Amarci ne bai bar ki kin duba da kyau ba.

Anti Malama (Tudun Wada): Sannunku. Maman Biyu, manjan ba a sama yake ba, ya riga ya tsuma cikin dutsen, don haka dirza ba za ta kai inda yake ba. Giranit yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma mai haske ya fi baƙi shan ruwa da mai. Janyo shi waje za ki yi. Ki samu bekin soda, ba bekin foda ta kek ba, ki kwaɓa da ruwa kaɗan ya yi kauri, kada ya yi ruwa-ruwa. Ki lafta a kan tabon, kaurin kamar rabin santimita ko fiye, ya ɗan zarce bakin zoben. Ki rufe da leda, ki manne gefe da salatif, ki huda ledar wuri biyu ko uku da tsinke. Bayan awa 24 ki cire ledar, amma kada ki taɓa kwaɓin sai ya bushe ƙarau. A wajen bushewar ne yake zuƙo man. In ya bushe ki kankare da abin roba ko cokalin katako, ki wanke da ruwa. Wurin zai yi duhu saboda danshi, kada ki tsorata, ki bar shi ya sha iska kafin ki yanke hukunci. Manja da taurin kai, ba lallai ya fita a karon farko ba, sai ki maimaita.

Maman Biyu: Na gode Anti. In na maimaita bai fita ba fa?

Anti Malama: Sai ki kwaɓa sodar da asiton, wato sinadarin nan mai goge fenti, maimakon ruwa, ya fi narkar da mai. Amma tsantsarsa, na wajen masu kayan fenti. Wanda ake goge jan farce da shi sau da yawa akwai mai da kala a ciki, zai ƙara miki wani tabon. Ki buɗe taga, ki kashe gas, domin asiton na kama wuta nan da nan.

Oga Mai Dutse (Building): Assalamu alaikum iyayena. An ce ana nemana. Abin da Malama ta faɗa haka yake. Tambayata ɗaya Maman Biyu, da aka sa miki dutsen an shafa masa sila, wato maganin da ke toshe ƙofofin dutse ya hana shi shan ruwa da mai?

Maman Biyu: Wallahi Oga ban sani ba, a haka muka shigo gidan.

Oga Mai Dutse: To gwaji ba wuya. Ki zuba ruwa cokali biyu a wurin da kika fi aiki, kusa da murhu ko bakin sinki, ki bar shi minti 15 ki goge. In wurin ya yi duhu, dutsen na sha, yana neman sila. In ruwan ya tsaya a dunƙule kin goge ba alama, ba ya buƙata. Tunda manja ya shiga a dare ɗaya, ni na san amsar. Amma fa sai tabon ya fita tas kafin a shafa, in ba haka ba an kulle shi a ciki ke nan.

Amarya: Oga ni an ce min duk wata shida ake shafawa.

Oga Mai Dutse: Mai sayar da silar ne ya faɗa miki, ko? Ba a bin kalanda, ruwan nan shi ne alƙali. Wani dutsen shekara guda ya nema, wani ya yi shekaru bai nema ba. Baƙin nan mai ƙyalli-ƙyallin zinare da ake kira Black Galaxy, wanda ake kawowa daga Indiya, a cure yake, kusan ba ya shan komai. In kika shafa masa sila ba ta da wurin shiga, sai ta kwanta a sama ta yi hazo-hazo, ki dawo kina cewa an cuce ki.

Mai Kek (Dadin Kowa): Ni da kaina nake shafa tawa. A nemi wadda aka rubuta ta dutse ce mai shiga ciki, ba mai yin fata a sama irin banish ba. A wanke kanta, a bari ta bushe sosai, gara ta kwana. A shafa da tsumma mai tsabta, a ba ta mintunan da aka rubuta a jikin gwangwani, sannan a goge rarar tas tun ba ta bushe ba. Nan ne mutane ke kuskure, su lafta su tafi kallon talabijin. Bayan nan a ƙyale kantar kwana guda ba girki a kai. Lokacin hunturu ya fi daɗin yi, komai na saurin bushewa, sai dai a rufe taga saboda ƙura.

Amarya: To ni dai a ba ni amsar lemon tsamina. Me yake yi?

Anti Malama: Ƙanwata, abu biyu. Na farko, tsami yana cinye silar a hankali, sai dutsen ya koma yana shan duk abin da ya zuba. Na biyu, ba duk abin da aka sayar miki da sunan giranit ne giranit ba. Mu nan ma komai mabul muke ce masa, alhali ba ɗaya ba ne. Mabul na gaske dangin farar ƙasa ne, tsami na narkar da shi, ɗigon lemo ɗaya zai bar dusasshen wuri wanda sabulu ba ya gyarawa, sai mai inji ya sake gogewa. Giranit na gaske yawancinsa ma'adinai ne masu tauri da ake kira kwaz da felsifa, ya fi jurewa nesa ba kusa ba. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, mabul yana wajen 3, giranit 6 zuwa 7. In kina son sanin naki, ki ɗiga lemo a ɓoyayyen wuri, ko a guntun da ya rage lokacin yanka, ki duba bayan 'yan mintuna. In ya dushe, ki nisanta shi da binega da tsamiya da ruwan tumatir. In bai dushe ba ma, ban ce ki mai da lemo sabulu ba.

Baban Yara (Bukuru): Ku gafarce ni mata, in sa baki. Abin da ke ba ni mamaki, muna zaune a kan giranit amma muna sayen na Indiya da Sin da Brazil. Duwatsun Shere, dutsen Riyom, duk shi ne. Kuzar da ta kawo kakanninmu Jos daga jikin irin wannan dutsen take fitowa. Amma yawancin namu tsakuwa ake fasawa a zuba a kankare.

Oga Mai Dutse: Alhaji akwai na gida, muna samu, kuma yana da kyau. Matsalar injin tsagawa da gogewa ce, da wuta. Kuma masu gida ne ke zuwa da hoto a waya su ce irin wannan suke so.

Hajiya Babba: Ku bar siyasar dutse mu koma kicin. Ni tawa ta daɗe, har jikoki sun girma a gabanta, kuma ban taɓa saya mata wani magani mai tsada ba. Ruwan ɗumi, ɗigon sabulun wanke-wanke irin Morning Fresh, tsumma mai laushi. In na wanke in bi da ruwa zalla, in bi da busasshen tsumma. Wannan na ƙarshen shi ne yaran yanzu ba sa yi, shi ya sa za ki ga kanta ta yi dishi-dishi su ce dutsen ya mutu, alhali sabulu ne ya taru a kai. Manja, man gyaɗa, kori, kurkur, zoɓo, duk wanda ya zuba a ɗauke shi a take, a dangwala tsumma a kai, kada a share shi ya bazu. Galan ɗin mai kuwa a kan faranti yake zama a gidana. Lalle kuma ba a kwaɓa min shi a kicin, na sha faɗa da 'yan mata a kan wannan.

Maman Biyu: Hajiya to in an yanka kaza ko kifi fa? Ni bilic ɗin Hypo nake ɗan zubawa.

Anti Malama: Sau ɗaya a jima, an tsinka shi da ruwa sosai an ɗauraye, ba zai kashe dutse ba, amma kullum-kullum yana gajiyar da sila. Sifirit na kemis ya fi sauƙi, ki fesa ki bar shi 'yan mintuna ki goge, nesa da wuta. Wanda nake roƙon ku da Allah shi ne kada a haɗa bilic da binega ko da maganin wanke masai irin Harpic, hayaƙin da ke tashi guba ne. Harpic ɗin ma shi kaɗai asid ne mai ƙarfi, ba shi da hurumi a kicin. Haka magungunan cire tsatsa, wasunsu suna cin giranit kansa. Tabon zoɓo ko shayi a dutse mai haske, a kwaɓa soda da haidurojin na wanke ciwo, a yi yadda na faɗa ɗazu. A baƙin dutse kada a sa, yana iya koɗar da shi.

Mai Kek: Ni abin da na fi so da kantar giranit sanyinta. In ina murza kwaɓin mitfai ko cincin, bota ba ta saurin narkewa, balle da sanyin Jos. Amma yanka a katako nake yi. Dutsen ba zai ji komai ba, wuƙar ce za ta dakushe.

Amarya: Tukunya mai zafi fa? Ni daga wuta sai kai.

Oga Mai Dutse: Giranit na ɗaukar zafi, amma ki sa katako a ƙasa, ba asara. Da asubar Disamba dutse ya yi ƙanƙara ki dire masa tukunyar tuwo, in akwai tsohon tsagi ko wurin haɗi yana iya buɗewa. In kuma naki kwaz ne na kamfani, wanda ake haɗa garin dutse da roba, zafi zai bar masa tambari har abada. Amma gaskiya yawancin karayar da ake kira na a kai ba zafi ba ne. Turmi ne. A ɗora ƙaramin turmi ana daka citta da tafarnuwa a daidai siririn wurin nan na gaban sinki, ko yaro ya taka ya hau ɗauko abu a kabad na sama. Mai kaurin santimita 2 ba ya yafe wannan, mai 3 ya ɗan fi haƙuri. Turmi a ƙasa yake, iyayena.

Baban Yara: Namu bakin ya ɗan ɓantare, kuma gefen sinki ya yi baƙi.

Oga Mai Dutse: Ɓantarewar ana cikewa da gam ɗin efoksi a haɗa kala, in guntun yana nan a adana shi. Baƙin gefen sinki kuwa silikon ne, wato gam ɗin da ake toshe gefen da shi, ya tsufa ya yi funfuna. A kankare shi duka a sa sabo, in aka bari ruwa zai riƙa sauka ya kumbura katakon ƙasa, kabad ya zauna, dutsen ya rasa abin da zai dogara a kai. Kuma duk wanda zai yanka muku dutse a gida ku ce ya yanka da ruwa, a fitar da yara. Ƙurar nan tana lalata huhu, mu da ke cikin sana'ar mun ga waɗanda ta kwantar.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri, na kwaɓa na rufe da leda. Oga in ya fita zan neme ka a kan silar. Farin da ke gindin famfo fa, shi ma soda?

Oga Mai Dutse: A'a Hajiya, wannan busasshen ruwa ne da sabulu. Ki sa sabuwar reza a kwance ki kankare a hankali, ki goge da busasshen tsumma. In famfon na ɗiga a canza masa roba, in ba haka ba zai dawo.