Wane suna za mu ba wa bromeliad da Hausa?

Jama'a, ina neman shawararku kan sunan wani tsiron ado da masu sayar da furanni ke kira bromeliad. Sunan nan ba ya gaya wa mai saye komai. An ciro shi ne daga sunan wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Olof Bromelius. Ban ga dalilin da za mu lanƙwasa harshe muna cewa "buromiliya" ba.

Ɗan'uwansa kuwa yana kasuwarmu tun tuni: abarba. Bromeliad dangi ne mai nau'i fiye da 3,000, kusan duk 'yan asalin nahiyar Amurka, musamman dazuzzukan Brazil da tsaunukan Andes. Guda ɗaya tak aka sani asalinsa Afirka ne, Pitcairnia feliciana, da ke fitowa a jikin duwatsun ƙasar Gini. Don haka idan ana maganar su gaba ɗaya, "dangin abarba" ya wadatar. Inda aikin yake shi ne sunan wanda ake dasawa a tukunya a gida.

Wasunku sun riga sun kawo sunaye. Malam da ka kawo "kaucin ado", na gode, kuma na gane dalilinka, tun da a dajinsu a kan rassan bishiya da yawansu ke zama. Amma kauci soke reshe yake yi ya tsotsi ruwan bishiyar. Wannan kuwa saiwarsa ta riƙo ce kawai, ba ya cin komai na bishiyar. Muka ce kauci, mai mangwaro a gida zai ji tsoron rataye shi.

Hajiya, "abarbar ado" da kika faɗa ya fi kowanne daɗi a baki. Matsalar ita ce akwai ainihin abarbar da ake shukawa don ado, mai ganye ratsi-ratsi da ɗan ƙaramin ɗa ja-ja. Sunan nata ne, a bar mata.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne "mai-ƙoƙo". Ku duba irinsu da ake kira Guzmania ko Neoregelia ko Aechmea: ganyayen suna haɗuwa a gindi su yi ƙoƙo a tsakiya, kuma a nan tsiron ke tara ruwan shansa. Abin da ya fi kashe shi a gidajenmu shi ne a cika tukunya da ƙasa mai laka a yi ta kwarara mata ruwa har gindin ya ruɓe. Wanda ya ji sunan ya riga ya san inda zai zuba ruwa. Tukunyar ta samu ɓawon itace da gawayi da ɗan yashi, ta riƙa shan iska tsakanin ban ruwa. Ruwan sama ya fi, domin na burtsatse a wurare da yawa yana barin farin gishiri a ganye. Kuma don Allah a riƙa kifar da ruwan ƙoƙon a sabunta shi duk mako, kada mu yi wa sauro wurin ƙyanƙyasa a baranda. Tsiron yana son haske, amma ranar bazara kai tsaye ƙona shi take. Da hunturu sai an haɗa da fesa wa ganyen ruwa.

Wani ya tuna mini da 'yan dangin da ake kira Tillandsia, waɗanda ba su da ƙoƙo, ba su buƙatar ƙasa. Gaskiya ne. Kada dai mu ce "sha-iska", mutane za su ɗauka iska ce abincinsu su bar su su bushe. Ta 'yan ƙananan ɓawo da ke jikin ganye suke tsotsar laima, don haka "sha-raɓa" ya fi dacewa.

Saura kalma ɗaya. Mai-ƙoƙo sau ɗaya take fure. Jan kan furen yakan yi watanni, daga nan uwar ta fara mutuwa a hankali tana fitar da ƙanana a gindinta, waɗanda ake yankewa a dasa idan sun kai kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin girmanta. In muka ce "'ya'ya", za a zaci 'ya'yan itace. Na fi karkata ga "goyo". Amma masu noman ayaba da abarba a cikinmu, me kuke kiran waɗanda ke tsirowa a gindin uwa? Idan kuna da kalma, ita za mu ɗauka.