Muhawara: Kowane Yaro da Hanyarsa ta Gane Karatu?

Maman Ummi (Gezawa): Salamu alaikum malamai. A bitar da aka yi mana an ce yara kashi-kashi ne: wani sai ya gani da ido yake ganewa, wani sai ya ji da kunne, wani kuma sai ya taɓa da hannu. Wai a gano kowa a koyar da shi ta hanyarsa. Ni dai na gamsu, don akwai yarinya a ajina da ba ta fahimtar komai sai na zana a allo.

Hedimasta (Ringim): Wa alaikumus salam. Malama, ban musa abin da kika gani ba, amma maganar tana da gyara. Wannan rabon ya yaɗu ne daga irin tsarin da Neil Fleming, wani malami a New Zealand, ya fitar a 1987. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa uku a Amurka suka bi binciken da aka yi a kai, ba su sami hujja mai ƙarfi ba cewa yaro ya fi cin jarrabawa idan an koyar da shi ta hanyar da aka ce tasa ce. Yara suna da abin da suka fi so, wannan gaskiya ne. Amma so daban, ganewa daban.

Maman Ummi: To ranka ya daɗe, yarinyar tawa fa?

Hedimasta: Me kike koya musu lokacin?

Maman Ummi: Rabi da kwata.

Hedimasta: Yauwa. Rabi da kwata kowa sai ya gani. Ki yanka lemo gida huɗu a gabansu, duk ajin zai amfana, har wanda kika sa a layin masu ji. Darasin ne ke zaɓar hanya. Taswirar Jigawa ido take so, bambancin "k" da "ƙ" kunne yake so, awon fili kuwa sai an fita da igiya.

Alaramma (Dambatta): Allah ya gafarta malamai, mu a tsangaya ba mu taɓa raba yara haka ba. Kolo zai fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, ya ji malam ya biya masa, ya maimaita da ƙarfi yana bin allo da yatsa, in ya girma ya rubuta da tawada da kansa, ya wanke in ya haddace. Ido da kunne da baki da hannu duk suna aiki a allo ɗaya. Abin da muke bambantawa shi ne inda kowa ya kai. Ba a ɗora wa yaro sabon karatu sai ya kawo na jiya.

Baban Khalifa (Wudil): Alaramma ya taɓo inda yake min ciwo. Ajina ya cika maƙil, wasu a ƙasa suke zaune, ranar kasuwa da lokacin girbi kuma rabinsu ba sa zuwa. Yaushe zan zauna ina tantance mai ido da mai kunne? Ina da yara a aji biyar da ba sa iya haɗa "ba" da "ki" su ce baki. Shirin KaLMA na koyar da yara karatu da lissafi da aka yi a nan Wudil da Dawakin Tofa, bisa salon da ƙungiyar Pratham ta fara a Indiya, gwada yaro ake yi ɗaya bayan ɗaya: harafi ya sani, ko kalma, ko yana karanta labari? Sai a haɗa shi da waɗanda suke matakinsa, da Hausa ake yi, da tsinke da katin haruffa. Wannan rabon na ga amfaninsa da idona.

Maman Ummi: Na ji, amma kar mu zubar da maganar gaba ɗaya. Kafin bitar nan, wallahi wasunmu kwafar allo kawai suke sa yara har a tashi. Ita ce ta sa na fara shigo da waƙa da duwatsu aji.

Hedimasta: Wannan ki riƙe shi, ki ƙara ma. Abin da nake tsoro shi ne a ce wa yaro "kai mai hannu ne", ya ɗauka littafi ba nasa ba ne, iyayensa ma su ce a bar shi ya koma gona. Sannan yaron da sai ya matso allo yake ganewa, a fara duba idonsa a asibiti.

Maman Ummi: Ita kam a layin baya take zama, kuma tana yawan ƙanƙance ido. Gobe in sha Allahu zan dawo da ita gaba, in aika wa mahaifiyarta. Amma har yanzu ina ganin yara ba ɗaya suke ba.

Alaramma: Ba wanda ya ce ɗaya suke, Malama. Wani wata uku ya gama izu, wani sai shekara.