An yi mini tayin kwikwiyo mai jinin kyarkeci, in karɓa don gadin awaki?

Bagobiri:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman daga 'yan'uwan da ke zaune Amurka ko Kanada, ko duk wanda ya san harkar dabbobi.

Ina zaune a bayan garin Girinsboro, jihar Karolina ta Arewa. Bara waccan Allah ya hore mini ɗan gida mai fili a baya, sai na koma sana'ar iyaye: 'yan awaki, da raguna da nake turkewa saboda mutanenmu masu neman na layya da na suna, ga kaji da zabin uwargida. To akwai wani dila na ƙasar nan da suke kira koyoti, ya fi namu na gida girma, shi ya hana ni sakat. Watan jiya na dawo da asuba na tarar da 'yar akuya an farke mata ciki a gindin shinge, zabi biyu kuwa sai gashinsu na gani. Aikin dare nake yi, in na fita daga mai ɗakina sai yara: babban shekararsa 6, sai mai 3, sai ta goye.

Wani Bature da muke aiki tare ya ce ɗan'uwansa yana kiwon karnuka ruwa biyu, barbarar kare da kyarkeci. Ya nuna mini hoton 'yan kwikwiyon a waya, gaskiya sun shiga raina. Ruwan toka, kunnuwa a tsaye, idanu shuɗaye. Ya ce jinin kyarkeci a jikinsu ya kai kashi 80 cikin ɗari, a watan Oktoba aka haife su, za a bar mini ɗaya a dala 800. Wai da zarar koyoti ya ji warinsa ba zai ƙara tako gidan ba, haka ma ɓarawo.

Uwargida ta ce sam ba da ita ba. Ni kuma ina ganin tunda ba cikin ɗaki zai zauna ba, kuma tun yana ƙarami zai tashi cikin awakin, ai zai saba da su. Wanda ya taɓa ajiye irinsa, ko ya gan shi ido da ido, don Allah ya faɗa mini gaskiya.

Likitan Dabbobi:

Wa alaikumus salam Malam Bagobiri. Allah ya mayar da alheri. Ni likitan dabbobi ne, a Zariya na yi karatu, yanzu ina aiki a lardin Albata na Kanada. Kada ka karɓa. Uwargida ce ke da gaskiya, kuma zan ja maganar da ɗan tsawo don na ga abin ya kwanta maka a rai.

Maganar gadin nan ita ce babbar yaudarar da ake sayar da su da ita. Babu abin da kyarkeci yake tsoro kamar ɗan Adam. Shekaru aru-aru ana bin sa da tarko da guba da bindiga, wanda ya tsira shi ne wanda ya iya gudun mutum. Yamma da Kalgari, kusa da garin Kokiren, akwai wani gidan ajiye irin waɗannan dabbobi mai suna Yamnuska, suna karɓar waɗanda masu su suka kasa riƙewa. Na shiga na gani. An zaunar da mu aka ce kowa ya natsu. Masu ƙarancin jinin kyarkeci suka matso suna shinshina, ka ce karnukan gida ne. Amma wata mai jinin da yawa, doguwa, siririn ƙirji, manyan dagi, idanu ruwan ɗorawa, ta tsaya can cikin itatuwa kai a sunkuye tana zagaya mu ta baya. Aka jefa mata nama. Ta daɗe tana kallonsa tana kallonmu, sannan ta zo da sanɗa ta fizge ta koma. Wani a cikinmu ya yi tari, sai muka neme ta muka rasa. Abin da za ta yi wa ɓarawo ke nan. Ko haushi ba su cika yi ba, sai dai dogon kukan nan nasu na tsakar dare, wanda zai haɗa ka da maƙwabta.

Tsoron mutum kuma bai hana shi bin akuya. Duk abin da ya zabura, ya yi ƙara, ya faɗi, jikinsa na ba shi cewa abinci ne. Yana ƙarami zai yi wasa da 'yan awakin, ya kwana a tsakiyarsu, ka ce an dace. Kare yakan balaga tsakanin wata 6 da shekara guda, shi kuwa kyarkeci sai wajen shekara 2 zuwa 3. A lokacin ne halin yake fitowa: ya fara gwada ƙarfi da mai gidan, ya hana a kusanci abincinsa, ya fara yi wa garken wani irin kallo. Da yawa daga waɗanda ake kaiwa gidajen ajiya a wannan shekarun ake kai su, kuma gidajen a cike suke.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a saƙonka ba awakin ba ne, mai shekara 3 ce da ta goye. Yaro in yana gudu yana ihu ya yi tuntuɓe, ya yi duk abubuwa ukun da na faɗa a lokaci ɗaya. A ƙarshen 2023, a jihar Alabama, irin wannan dabba ta kashe jariri ɗan wata 3, kuma ta gidan ce, iyayen ne suke kiwonta. Ba mugunta ba ce, halittarsa ce haka.

Ga kuma abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba. A Amurka babu allurar rigakafin haukan kare da hukuma ta amince tana aiki a kan barbarar kyarkeci. Likita zai iya yi masa, amma a ido na doka kamar ba a yi ba ne. Kare na gida in ya ciji mutum, tsare shi ake yi kwana 10 a ga ko zai nuna alamar ciwo. Shi wannan ana iya ɗaukarsa a matsayin naman daji, a kashe shi a auna ƙwaƙwalwarsa. Kamfanonin inshorar gida da dama ma ba sa biyan diyyar cizonsa, daga aljihunka za ta fito.

Wurin zamansa: shinge mai tsayin ƙafa 8, samansa a lanƙwashe zuwa ciki don yana hawa, ƙasansa a shimfiɗa waya a binne don yana haƙa, ƙofa biyu a jere don kada ya kufce in an buɗe ɗaya. Ga ɗanyen nama kullum, tsawon shekara 12 zuwa 15. Ka ga dabbar da dole a kulle ta haka, wane gadi za ta yi maka?

Sannan labarin da aka ba ka bai haɗu ba. Kyarkeciya sau ɗaya take haihuwa a shekara, wajen Afrilu zuwa Mayu, masu jinin da yawa ma haka suke. Kashi 80 da haihuwar Oktoba ba sa tafiya tare. Shuɗin ido in ya zauna bayan kwikwiyo ya girma, na karen jan keken ƙanƙara ne irin na Saberiya, babban kyarkeci ba ya da shi. Na fi zaton barbarar karnukan sanyi ce aka ɗora mata suna don kuɗi ya ƙaru. Su ma ɗin sun yi suna wajen kashe kaji. In kana son tabbatarwa, jami'ar Kalifoniya da ke Debis tana gwajin ƙwayar halitta na gano jinin kyarkeci.

Ɗan Zango a Jamus:

Likita, Allah ya ƙara ilimi, amma a yi musu adalci kaɗan. Maƙwabcina a nan yana da irin wanda ake kira karen kyarkecin Cekosulobakiya, kullum muna haɗuwa a hanya, bai taɓa yi wa kowa komai ba. Shi ya ba ni tarihinsu: a 1955 aka fara haɗa karen makiyayan Jamus da kyarkecin tsaunukan Karfat don aikin tsaron iyaka, a 1982 ƙasar ta amince da su a matsayin irin kare mai zaman kansa. Akwai ma na Holan, da wani mai suna Leendert Saarloos ya fara haɗawa a shekarun 1930. Ashe ke nan ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Sai dai mutumin ba shi da ƙananan yara, ba shi da kaza ko ɗaya, kuma safe da yamma yana kan keke karen na gudu a gefensa. Ya ce in ya bar shi shi kaɗai a gida sai ya dawo ya tarar da kujera a yage. Kuma duk da sunan kare da suke da shi, ƙasar Nowe ta hana ajiye na Cek ɗin. A Ingila ma dokar 1976 ta dabbobin daji masu haɗari ta ce ɗan kyarkeci da jikansa sai da lasisi. Malam Bagobiri ka fara tambayar hukumar gundumarku tukuna, don a Amurka kowace jiha da tata, wasu kamar Mishigan sun hana tun 2000.

Hajiya Inna:

Ɗana Bagobiri, ni ban san kyarkecin Turawa ba, amma na ga gardawa masu wasa da kura tun ina yarinya a Kano. Mutumin nan shi ya raine ta, shi ke ba ta nama, tare suke kwana a hanya, amma ban taɓa ganin ya cire mata takunkumi a cikin mutane ba, sarƙa tana wuyanta, kulki yana hannunsa. Shi da ya gaji abin ke nan. Kai kuma kana wurin aiki har asuba, wa zai riƙe sarƙar? Maijego?

Malamanmu sun ce an yarda a ajiye kare don farauta ko tsaron dabbobi ko gona, to kai kana da hujjarka ta kiwo, ban hana ka neman mai gadi ba. Amma ka nemi wanda aikinsa ke nan. Kuma ka ji maganar matarka, ita ce a gidan da yaran. Allah ya raya mana su, ya tsare.

Likitan Dabbobi:

Ɗan Zango, maganarka dutse. Waɗancan an yi shekaru fiye da 60 ana tacewa, a ajiye mai biyayya a cire mai tsoro da mai faɗa, an san uban kowane da kakansa a rubuce. Na bayan gidan wani kuwa caca ce. Haihuwar farko ce kawai ake da tabbacin rabi da rabi. Daga nan lissafin kashi-kashi a takarda yake, 'yan ciki ɗaya wani ya ɗebo halin kare, wani na kyarkeci, kuma ba ka ganewa sai sun girma. Mafi wuyar sha'ani shi ne wanda ya ɗauko rashin tsoron mutum daga kare, ya haɗa da farautar kyarkeci. Shi kansa Saarloos kare mai aiki ya so samu, sai suka fito masu ɗari-ɗari da baƙo.

Hajiya, Allah ya ƙara girma, kin gama magana.

Malam Bagobiri, matsalarka koyoti ce, kuma tana da magani. Da farko ka riƙa kulle awakin a ɗaki da magariba, zabin ma a akurki mai rufi, don da dare da asuba suka fi ɓarna. Ka sa waya mai lantarki a shingen, ɗaya ƙasa-ƙasa inda suke kutsawa, ɗaya a sama. In kare kake so, akwai na tsaron garke: farin nan babba na tsaunukan Firanis da ke tsakanin Faransa da Sifaniya, ko Kangal na Turkiyya. A Namibiya tun 1994 ake raba wa makiyaya irin na Turkiyyan don tsare awaki daga rabbi, mai kama da damisa ɗin nan mai tsananin gudu, kuma yana aiki. Ka saya a gonar da za ka ga uwarsa tana cikin garke, ka sa shi cikin awakin tun yana wajen mako 8, amma sai ya kusa shekara 2 kafin ka sakar masa aikin gaba ɗaya.

In kuma gidan ba a son kare, jaki. Manoman Teksas suna sa shi cikin tumaki, ya tsani duk wani dangin kare, zai bi koyoti da harbi da cizo da kuka.

Bagobiri:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Inna, na ji, Allah ya ja kwana. Na kira mutumin na ce ina so in zo in ga uwa da uban kwikwiyon da takardun allurarsu, sai ya ce uban ba ya son baƙi, a haɗu a tashar mai kawai ya miƙo mini. Na ce ya bar shi. Wayar lantarki na saya jiya, ranar hutu zan ɗaura.

Likita, maganar jakin ta fi kwanta wa uwargida, ni ma na tashi da su a gida. Wane iri zan nema, kuma guda nawa?

Likitan Dabbobi:

Guda ɗaya tak. In ka sa biyu za su haɗa kai su manta da awakin. Ka nemi jaka, ko namiji wanda aka dandaƙe, amma ban da wanda ba a dandaƙe ba don yana iya tattake 'yan awaki. Kada ka sayi ƙananan nan na ado, matsakaici za ka nema. Ka raba su da shinge mako ɗaya ko biyu suna ganin juna kafin ka haɗa, kuma ka ware shi a kwanakin da akuya ta haihu har ya saba da jariran. Abincin awaki na buhu ka duba takardarsa, in akwai maganin monensin a ciki kada jakin ya taɓa, guba ne gare shi.